Bugun da ba a maimaitawa: yaran bakin teku na Maurice Prendergast

Maman Iklima:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masu zane da masu aikin ɗab'i. Ga hoton nan na ɗora: yara mata cikin fararen riguna a bakin teku, iska na kaɗa musu ribon ɗin hula. An rubuta a ƙasa cewa aikin Maurice Prendergast ne, Ba'amurke, kuma wai ba zana shi aka yi kai tsaye ba, bugawa aka yi, irin bugun da ake kira monotaif, mai ba da kwafi ɗaya tak. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, in dai ɗaya za a samu, me ya kai mutum wahalar zana abu a kan ƙarfe sannan ya manna takarda? Ga takarda ga buroshi, ba sai ya zana abinsa ba?

Nura Mai Ɗab'i:
Wa alaikumus salam. Hajiya kin riga ni a fatar baki. Mu da muke kwana a kan inji, amfanin faranti shi ne yawa. Ka sha wahala sau ɗaya wajen haɗa shi, sannan ya yi ta fitar maka da kalanda ko katin biki har ka gaji. Farantin da zai yi bugu ɗaya ya tashi aiki, ni a wurina asara ce. Ina jin dai irin abin nan ne na Turawa, a ƙirƙiri wahala a raɗa mata suna don kaya su yi tsada.

Kabiru K.T.:
Oga Nura ka shigo da zafi tun ba a shimfiɗa tabarma ba 😂 Bari Malam Habu ya iso.

Malam Habu:
Ga ni, Kabiru. Hajiya, bari in fara da yadda ake yin sa, don amsarki tana ciki.

Ana samun falle mai santsi wanda ba ya shan fenti: tagulla, ko tutiya, ko gilashi. Ba a sassaƙa komai a kai, ba a zuba masa asid, abin da ya raba shi da sauran nau'in bugu ke nan. Fenti kawai ake shafawa. Hanya biyu ce. Ko dai ki lulluɓe fallen duka da baƙar tawada, sannan ki riƙa gogewa da tsumma ko yatsa ko tsinke, duk inda kika goge nan haske zai fito. Ko kuma ki zana da buroshi a kan falle mai tsabta. Kafin fentin ya bushe sai a ɗora takarda a matse. In aka ɗaga, akasarin fentin ya koma takarda, kaɗan ya rage a ƙarfe.

Prendergast haɗa biyun yake yi. Akwai wasiƙar da ya rubuta wa wata ɗalibarsa a 1905, ya bayyana mata a taƙaice: ta zana da fentin mai a kan tagulla, ta goge wuraren da take so su fito fari, in zanen ya yi mata ta ɗora takardar Jafan ta matse da inji ko ta goga da cokali. Ya ƙara da cewa wani lokaci bugu na biyu ko na uku ya fi kyau.

To sake duba fararen rigunan nan. Takarda ce zallarta kike gani, wurin da ya goge. Siraran layukan ribon da na kumfar ruwa kuma da gindin buroshi ya karce su. A kan takarda hakan ba ya yiwuwa, don nan take take shanye fenti, abin da ya shiga ya shiga. A kan tagulla kuwa fenti zamewa yake, ki tura shi can, ki share, ki dawo da shi. Sannan matsewar tana baje shi ya yi siriri har hasken takarda ya riƙa ratsowa ta cikinsa. Wannan laushin ba ya samuwa da buroshi kai tsaye, shi ake saye da wahalar.

Nura Mai Ɗab'i:
Allah ya gafarta Malam, ka kama kanka da kanka. An ce ɗaya tak, ga shi mai abin ma yana maganar na biyu da na uku.

Malam Habu:
Nura, ka taɓa dangwala yatsa ranar zaɓe ai. Dangwalen farko ya fito raɗau. In ka sake dangwalawa ba ka koma tawada ba, na biyu zai fito dishi-dishi, na uku da ƙyar a gan shi. Haka abin yake. Na biyun ba kwafin na farko ba ne irin wanda injinka ke bayarwa, saura ne. Shi kuma Prendergast sau da yawa ba ya barin sauran haka, sai ya ƙara fenti a kan abin da ya rage, ya sauya launin riga ko na sararin sama, ya buga. Sai ka ga hotuna biyu tsarinsu ɗaya, amma ɗaya rana tsaka, ɗaya kamar la'asar.

Edgar Degas na Faransa ma haka ya yi tun shekarun 1870, bayan abokinsa Ludovic Lepic ya nuna masa hanyar. Ya yi monotaif fiye da 300, kuma yakan ɗauki dusasshen bugu na biyu ya bi kansa da allin launi. Da yawa daga hotunansa na 'yan rawa da mutane ke ɗauka zanen alli ne zalla, akwai bugu a ƙarƙashi.

Halima S. Gusau:
Malam, Degas ne ya ƙirƙiro ke nan?

Malam Habu:
A'a 'yata, hanyar ta girme shi nesa. Wanda aka fi jingina wa farawa shi ne Giovanni Benedetto Castiglione, mutumin Jenowa a Italiya, cikin shekarun 1640. Da yawa daga nasa na gogewa daga baƙar tawada ne. Bayansa abin ya kwanta tsawon lokaci, sai jefi-jefi, kafin ya farfaɗo a ƙarni na 19. Amurkawa kuma sun ɗauke shi da wuri. Frank Duveneck da ɗalibansa suna yi a Italiya wajen 1880, kusan a matsayin wasan hira da dare, kuma a Boston akwai Charles Walker da ya baje irin wannan aiki a farkon shekarun 1880. Ke nan lokacin da Prendergast ya fara, abin ba baƙo ba ne a garinsu. Bambancinsa shi ne yawancinsu ɗanɗanawa suka yi suka wuce, shi kuwa ya zauna a kai, ya yi kusan 200, kuma masu launi, akasari tsakanin 1895 da 1902.

Sadiya B.:
Sannunku da hira. Ni a yankin Boston nake karatu, bari in ƙara wani abu kan wurin da kansa, don ina ganin ba za a fahimci hotunan ba sai an san bakin tekun.

Shi ba a Amurka aka haife shi ba. A St. John's na Newfoundland aka haife shi a 1858, yanzu yankin yana cikin Kanada. Kasuwancin mahaifinsa ya karye, suka dawo Boston a 1868. Bai yi nisa a makaranta ba, yana ɗan saurayi ya kama aikin ɗaure kaya a kantin yadi, daga baya ya koma rubuta katunan talla na kantuna. Da kuɗin wannan sana'a ya tara ya tafi Paris a 1891, ya haura shekara talatin, ya yi karatu a makarantun zane na Julian da Colarossi. Yana can ya fara zuwa garuruwan bakin teku na arewacin Faransa irin su Tréport da Saint-Malo yana zana masu shan iska.

Da ya dawo wajen ƙarshen 1894, ya tarar Boston na cikin wani babban aiki na buɗe wa jama'a wuraren shaƙatawa. Frederick Law Olmsted, wanda ya tsara Central Park na Niyok, shi ya tsara Franklin Park da Marine Park na kudancin Boston. A 1896 hukuma ta mai da Revere Beach na kowa da kowa, ana kiransa bakin teku na farko na jama'a a Amurka. Charles Eliot ne ya tsara shi, har layin dogo aka janye baya daga kan rairayi. A lokacin, ƙaramin jirgin ƙasa yana bi ta wurin tun 1875, don haka leburan masana'anta ma yana iya kai iyalinsa ranar Lahadi. Waɗannan wuraren, da bakin tekun Nantasket, su Prendergast ya yi ta zanawa. Abin da yake kallo sabo ne a lokacin: taron talakawa a bakin ruwa, ba mai korar su.

Har gobe jirgin Blue Line yana sauke ka a Revere, kuma duk bazara ana gasar sassaƙa rairayi. Ruwan dai sanyi gare shi ko a watan Yuli, kada hoto ya ruɗe ku.

Kabiru K.T.:
Anti Sadiya ki ce mana dai kin shiga kin fito da gudu.

Abba Ɗan Gwale:
Ga wani na samo, yara na wasa da bokiti a cikin ruwa, rana ta haske su. Shi ma nasa ne ko?

Sadiya B.:
Abba, wannan na Edward Potthast ne, mutumin Cincinnati, sa'ansa ne kusan, an haife shi 1857 ya rasu 1927. Ana yawan haɗa su don dukansu yaran bakin teku suka fi zanawa. Amma Potthast fentin mai ne mai kauri a kan kyalle, yaransa na da jiki da nauyi, kuma ya fi zana gaɓar Niyok. Na Prendergast kamar a shafe suke, ba tudu ba kwari.

Malam Habu:
Ta faɗi daidai. In ƙara da cewa ko cikin na Prendergast ɗin ma a lura. Shahararrun hotunansa na Revere da ke yawo a intanet yawancinsu fentin ruwa ne. Ga yadda za ku gane monotaif ɗinsa: ƙarami ne, launukan ba su da yawa kuma a dushe suke, za ku ga sawun gashin buroshi a baje, fararen layuka a karce, sau da yawa kuma ya zana wa hoton gefe mai duhu kamar firam, da haruffan sunansa cikin ɗan tambari. Wannan tambarin da tsarin gefen daga bugun katako na Jafan ya ɗauko, wanda Boston ta cika da shi a zamanin saboda tarin da Ernest Fenollosa da William Sturgis Bigelow suka kawo gidan adana zane na garin.

Nura, wannan kai ka fi kowa sani: komai a juye yake fitowa, dama ta koma hagu. Haruffan ma a juye ake rubuta su a kan tagulla.

Nura Mai Ɗab'i:
Wannan kam gaskiya ne, duk yaron da ya fara aikin hatimi sai ya ɓata roba kafin ya saba. Amma maganar cokali fa? Da gaske ne ko ƙawata labari ne?

Malam Habu:
Da gaske ne, daga bakin ƙaninsa Charles labarin ya fito. Ba shi da kuɗin injin matsewa, ɗakin kuma ya yi ƙanƙanta ko teburin aiki ba zai shiga ba. A ƙasa yake shimfiɗa tagullar, ya ɗora takarda, ya yi ta goga bayanta da babban cokali, yana ɗaga kusurwa yana leƙawa. In abin ya fara fitowa sai ya ƙara ƙaimi, ƙarar cokalin ta cika gidan, har na ƙasa su fara dukan rufi da sandar tsintsiya. Da sun ji haka aikin ranar ya ƙare. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki.

Amma cokalin ya ba shi abin da inji ba zai ba shi ba. Inji matsi ɗaya yake yi ko'ina. Da cokali kuwa kana iya danne nan sosai, ka bi can a hankali, ka leƙa, ka koma. Shi ya sa takardar Jafan: siririya ce, amma zarenta dogo ne, tana jure guga ba ta yagewa, tana kuma karɓar fenti ba sai an matse ta da ƙarfi ba.

Yanzu bari in faɗi ra'ayina kan dalilin da yaran suka yi kyau haka. Fenti a kan tagulla ba ya jira. Abin da za ka yi, yi shi yanzu. Ba lokacin zama a gyara hanci, a daidaita ido, a ƙirga maɓallan riga. Dole ka zaɓi abu ɗaya da ke nuna yarinya tana gudu: karkatar jiki, tashin riga, hannun da ya dafe hula. Masu zane da yawa na zamanin sun kashe yara da gyara, sun mai da su 'yar tsana. Wannan hanyar ta hana shi.

Nura Mai Ɗab'i:
Tsaya Malam. Kai ka ce a ƙasan ɗaki yake yi. To ai ba yaro ko ɗaya a ɗakin. Ba wanda yake gudu a gabansa balle a ce saurin ya taimaka masa ya kama motsi. Da a bakin ruwan yake da tagullarsa da na yarda.

Halima S. Gusau:
Oga Nura ya kawo magana fa.

Malam Habu:
Ya kawo, kuma tambaya ce ta mai sana'a. A bakin ruwa littafin zane da fensir yake riƙewa, yana ta kwasar siffofi cikin 'yan layuka. Littattafan suna nan an adana, ɗaya babba na lambun Boston yana gidan adana zane na Metropolitan a Niyok. Duk mai zane ya san matsalar da ke biyo baya: ɗan zanen da ka yi a tsaye cikin gaggawa yana da rai, in ka koma gida ka zauna ka mai da shi cikakken hoto sai ran ya fita, don ka samu lokaci ka yi ta taɓawa. Tagulla ta ƙwace masa wannan lokacin. A ɗaki yake, amma hannunsa dole ya yi saurin da ya yi a bakin ruwa. Ban ce yaran yake bi da gudu ba, bushewar fenti yake tsere wa.

Nura Mai Ɗab'i:
To wannan ta ɗan shige ni. Rabi dai.

Kwamared Bala:
Ni duk wannan yabon bai gamsar da ni ba, kuma ba kan fenti nake magana ba. Sadiya ta ce taron talakawa yake zanawa. Ina talakawan a hoton? Ni fararen riguna nake gani da laima da ribon. A daidai shekarun nan, ƙidayar Amurka ta 1900 ta nuna yara kimanin miliyan 1.75 'yan shekara 10 zuwa 15 suna aikin neman kuɗi. A jihar tasa ta Massachusetts, masaƙun Lowell da Lawrence da Fall River cike suke da yara. Lewis Hine ya fara ɗaukar hotunan irin waɗannan yara a 1908, ku nemo ku gani. A 1912 ma'aikatan masaƙa a Lawrence suka yi babban yajin aiki har sai da aka riƙa tura 'ya'yansu wasu garuruwa don su samu abinci. Mutumin da shi kansa ya ɗaure kaya a kanti yana yaro, ya samu buroshi sai ya zana mana 'ya'yan hutu. Ko a ruwan ma, George Bellows ya zana yaran talakawa 42 suna tsalle cikin kogin Niyok daga kan ruɓaɓɓen katako a 1907. Wancan ya faɗi gaskiya.

Sadiya B.:
Yaya Bala, alƙalumanka daidai ne, amma farar riga ba shaidar dukiya ba ce. 'Ya'yan masu kuɗin Boston ba Revere suke zuwa ba, suna da gidajen bazara a Nahant da Newport inda ba a cakuɗa da kowa. Masu cika Revere da Marine Park iyalan ma'aikata ne da baƙin da suka yi ƙaura zuwa Amurka, 'yan Ayalan da Italiyawa da Yahudawa, cikin kayansu na ranar Lahadi. Uwar da ke da riga mai kyau guda ɗaya ga 'yarta, ranar take wankewa ta goge ta sa mata. Yarinyar da ke riƙe da hula a hoton na iya kasancewa gobe Litinin tana masana'anta. Hine ya ɗauki Litinin ɗinta, Prendergast ya zana Lahadinta. Ban ga dalilin da za a ce ɗaya ce kaɗai gaskiya ba.

Kwamared Bala:
Ƙanwata, zaɓi ai magana ce. Shekara nawa yana zane bai taɓa leƙa Litinin ɗin ba.

Malam Habu:
Bai leƙa ba kam, Kwamared, ba zan kare shi a nan ba. Abin mamaki ma, a 1908 ya baje aikinsa a Macbeth Gallery na Niyok tare da mutum bakwai, cikinsu akwai Robert Henri da John Sloan da George Luks, waɗanda aka sani da zanen lungunan talakawa. Abin da ya haɗa su tawaye ne ga hukumar zane mai tace wanda za a nuna, ba irin abin da suke zanawa ba. Shi abin da ya dame shi launi ne da tsari, yadda taron mutane ke zama ado a kan shafi. Ya kuma fara kurumcewa, har ya zama ba ya ji sosai, bai yi aure ba, rayuwarsa duk tare da Charles, wanda ke sassaƙa firam, wani lokaci Maurice na taya shi don su ci abinci. Ni ina ganinsa mutum ne mai tsayawa gefe yana kallon walwalar wasu. Kana da damar ka ce bai isa ba. Ni dai ban taɓa jin ya yi min ƙarya ba.

Kwamared Bala:
Mun bar ta a nan Malam, amma ban sauka ba.

Ustaz Lawal:
Salamu alaikum. Ina bin hirar. Na lura yaran kusan ba su da fuska, sai ɗan ɗigo ko babu ma. Da gangan ne? Sannan ina tunatar da 'yan uwa cewa zanen abu mai rai akwai maganganun malamai a kai, kada sha'awa ta sa a manta.

Malam Habu:
Wa alaikumus salam Ustaz. Rashin fuskar daga salon ne da ƙanƙantar aikin, kan yarinya bai fi ƙwayar gyaɗa ba a kan tagullar, kuma shi taron yake so ba mutum ɗaya ba. Ba don wani dalili na addini ya yi ba, kada mu jingina masa. Hukunci kuwa naku ne malamai, ba zan shiga ba. Abin da zan ce, hanyar ba ta buƙatar mutum ko dabba. Degas a farkon shekarun 1890 ya yi jerin monotaif masu launi na tsaunuka da filaye, ba kowa a ciki, wasu ma sai ka ɗauka gajimare ne kawai. Mai son ya zana ganuwa ko bishiyar kuka ko hadari, ƙofa a buɗe take.

Mai Kula da Zaure:
Jazakumullahu khairan. Mai neman fatawa ya tuntuɓi malaminsa, a nan mu ci gaba da batun bugu.

Yusuf Samaru:
Ina so in tuna mana cewa bugu na hannu ba baƙonmu ba ne. Bruce Onobrakpeya a nan Zariya ya yi karatu, yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 tare da su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo. A 1967 asid ya lalata masa faranti, wajen gyara shi ya gano sabuwar hanyar bugu da ta yi masa suna. Nasa ba monotaif ba ne, ana iya maimaitawa, amma halin ɗaya ne: mai bugu ba ya sanin abin da ya samu sai ya ɗaga takarda.

Anti Rabi:
Ni malamar zane ce a makarantar 'yan mata, kuma tun da Malam ya ambaci cokali hankalina ya tashi daga tarihi ya koma aji. Mun gwada da gilashin taga da fentin gida mai sheƙi. Takarda ta manne ta yage, inda ta fito kuma duk ya cakuɗe ya zama taɓo. Me muka rasa?

Nura Mai Ɗab'i:
Anti wannan ɓangarena ne. Fentin gida ba zai yi ba, yana da danƙo kuma yana kama jiki da wuri. Ki je wurin masu ɗab'i su ɗan sam miki tawadar inji, ko ragowar gwangwani ma ta isa aji guda, ba ta saurin bushewa. Ki shafa ta siriri ƙwarai. In kina ganin ta yi tudu a kan gilashi, ta yi yawa, ita ce ke bajewa ta zama taɓo. Gefen gilashin kuma ki naɗe shi da salatif saboda hannun yara.

Malam Habu:
Kun ga mai cewa asara ce ya zama malamin aji.

Anti Rabi, ƙari kan na Nura. Takarda siririya ki nema, mai kauri ba ta jin cokali. Ki manne gefe ɗaya da salatif ya zama kamar murfin littafi, yadda za ki ɗaga ki leƙa ki mayar ba ta goce ba. Ki ɗora wata takardar a bayanta kafin guga don kada cokali ya huda. Ku fara da launi ɗaya ta hanyar gogewa, yara sun fi saurin gane ta: a baƙanta gilashi, a ba su tsumma da tsinken ashana da auduga. Kada kowa ya dafa takarda da hannu bayan an ɗora, sawun yatsa zai fito. In hunturu ya shigo komai zai riƙa bushewa da wuri, sai ku rage girman zanen. Wajen wankewa, man gyaɗa da tsumma yana cire tawada, sannan sabulu. Ya fi kananzir lafiya a ɗaki cike da yara.

Maman Iklima:
Na gode ƙwarai, na samu fiye da abin da na tambaya. Saura ɗaya: in hanyar ta karɓe shi haka, me ya sa ya daina a 1902? Kuma ina ayyukan suke yanzu?

Sadiya B.:
Hankalinsa ya koma fentin mai a kan kyalle, manya. Bayan ya sake zuwa Faransa a 1907 ya ga ayyukan mai zanen Faransa Cézanne, salonsa ya ƙara sauyawa, ya koma ɗora launi ɗigo-ɗigo mai kauri. Yana cikin waɗanda aka nuna a babban baje kolin Armory na 1913, ya koma Niyok a 1914, ya rasu can a 1924. Bakin teku da mata da yara dai bai rabu da su ba har ƙarshe.

Ayyukan kuwa, matar Charles, Eugénie, ta ba gidan adana zane na Williams College da ke Williamstown ɗaruruwan ayyukan 'yan uwan biyu, nan ne tari mafi girma. Monotaif ɗin kuma gidauniyar Terra ta Shikago tana da da yawa, an ɗora hotunansu a shafinta. Sai dai ba kullum ake rataye su ba, aikin takarda haske na cinye shi, ana fito da su na ɗan lokaci ne a mayar.

Malam Habu:
Ni a ganina bai bar abin ba sai da ya gama koyon abin da zai koya. Kafin monotaif mai fentin ruwa ne. A kan tagulla ya saba da fentin mai, ya koyi sarrafa shi da sauri a ƙaramin fili, sannan ya wuce kyalle. Amma in za a bar ni in zaɓa, manyan hotunansa na ƙarshe sun yi min nauyi, mutanen sun daskare sun zama ado. Ƙananan na cokali na fi so.

Kwamared Bala:
A nan kam mun haɗu, Malam.

Anti Rabi:
Mun sake gwadawa da tawadar inji, ya fito, 'yan mata har da ihu. Sai dai wadda ta rubuta sunanta a ƙasa ta ga ya juye ta ɓata rai. Nura, a jiƙa takardar kafin a ɗora ko a bar ta a bushe?

Nura Mai Ɗab'i:
In siririya ce bar ta a bushe, jiƙaƙƙiya cokali zai yaga ta. Mai ɗan kauri ce ake yayyafa wa ruwa, a sa ta tsakanin jaridu ta tsane har sheƙin ruwan ya ɓace. Ita kuma mai suna ki ce ta rubuta shi a farar takarda da alƙalamin maka mai kauri, ta juya takardar ta ɗaga ta ga hasken taga, ta kwafi abin da ta gani a kan gilashi. Ki turo mana hoton na biyun ma, ina so in ga ko da gaske yana fin na farko.